Gawayin Yaya Dije

Nafisa, Abba, da ke Ummi, wannan babin naku ne. Ku zauna ku karanta shi har ƙarshe, kada ku yi mini irin karatun nan naku na waya, a ja da yatsa a wuce. Akwai wata magana da ta samu wurin zama a gidan nan shekara da shekaru, ba a faɗinta a gabana amma ina jinta ta bayan labule: wai da ba don bakin Gwaggo Dije ba, da yanzu mu ma muna cikin manyan Gumel. Ranar sunan ɗan Abba na ji ta da kunnena a bakin Ummi, tana gaya wa ƙawarta tana dariya. Ban tanka ba saboda gida cike yake da baƙi, amma wallahi ban ci tuwon sunan nan ba. Ba ku nake zargi ba. Ni na bar ku da rabin labari, saboda ɗaya rabin kunyar faɗinsa nake ji. Yanzu da gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara hazo, na ga idan ban gyara ba da wannan maganar za ku raka ni makwanci.

Ku kun san ta a matsayin tsohuwar ƙauye mai yawan surutu. Ni kuwa ita na buɗe ido na gani. Mahaifinmu maƙeri ne a wani ƙauye bayan Gagarawa, Inna kuma ta rasu ina ɗan shekara uku, don haka Yaya Dije ce ta goya ni, ta yi mini wanka, ta zane ni idan na yi rashin ji, kuma na yi da yawa. Abin da Inna ta bar mata gado shi ne sana'ar gawayi, amma ba irin wanda kuke gani a buhu a bakin titi ba. Na ƙodagon goruba ne, wato ƙwallon nan mai tauri da ake yarwa bayan an gwigwiye goruba. Za ta fasa shi, ta jiƙa a ruwan kanwa kwana uku, ta shanya. Sannan ta zuba a tukunyar ƙasa, ta liƙe bakin da laka, ta sa masa wutar kara a hankali tun hantsi har la'asar. Wannan ita take kira wutar lallashi. Washegari sai ta kai tukunyar maƙera a liƙenta, ta binne a cikin garwashin Baba, a yi ta zuga har tukunyar ta yi jawur. Wannan kuma wutar faɗa. Gawayin da ke fitowa ba ya hayaƙi, ba ya tartsatsi, yana daɗewa a kasko, idan ka yar da shi a faranti sai ka ji ya yi ƙara kamar ƙarfe. Mata masu turaren wuta da masu shayin kasuwar Maigatari rububinsa suke yi. Da ta yi aure a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, da tukwanenta ta tafi, ta samu maƙerin garin suka shirya.

Ni kuwa boko ya ɗauke ni, na ƙare ina koyar da ilimin sinadarai a jami'a, kuna ta ce mini Baba mai warin asid. Abin da ya cinye mini rabin rayuwa shi ne batir. Kun dai san yadda batirin sola yake yi a ƙasar nan: a saya da tsada, zafin bazara biyu ya kashe shi. Mu muna neman wanda zai yi aiki da sinadarin da ke cikin gishiri, ya yi araha, ya jure zafinmu. Bari in yi muku bayani a gajarce, don na san Abba ya fara hamma. A cikin batir akwai faranti biyu. Ɗaya ana shafa masa wani baƙin gari dangin gawayi, kuma a cikin ƙananan ramukan garin nan caji yake zama. Idan ramukan suka yi daidai, batir ya yi ƙarko. Idan ba su yi ba, ka yi asarar kuɗinka. To wannan garin na yi shekaru ina nema. Na ƙona ɓawon gyaɗa, na ƙona karan gero, na ƙona ƙaiƙayin shinkafa, na ƙona ɓawon kwakwa kamar yadda na karanta wasu masana sun yi. Duk abu ɗaya: ya yi kyau wata biyu, sai ya sace.

Wata kaka na je gaishe da Yaya. Muna zaune a inuwar rumfarta da hantsi tana hura mini wutar shayi, sai gawayi ɗaya ya suɓuce mata ya faɗa kan tire. Ƙarar nan da na yi ta ji tun ina goye, ranar ce kawai na saurare ta. Gawayin da ke ƙara haka, cikinsa ba irin na sauran ba ne. Na ɗauka na juya shi a hannu, na ce ta ba ni kwano ɗaya in tafi da shi.

"Ikon Allah," in ji ta. "Dakta guda da roƙon gawayi? Ashe bokon naku bai kai ya saya maka ba?"

"Aiki zan yi da shi, Yaya."

"To ɗauki biyu, kada ka je ka ce na yi maka rowa."

Ta kuma bi da ni aikin daki-daki, kwana nawa a kanwa, yaya ake gane wutar lallashi ta isa, ina rubutawa a bayan takardar sayen mai tana yi mini dariya. Ba zan rage wa kaina ba, na yi aiki. Shekara huɗu na yi ina gwaji. Tandar da muke ƙonawa a ɗakin gwaji zafinta ya fi na maƙera nesa ba kusa ba, sai da na gano iyakar zafin da ya dace, da yadda za a hana iska shiga, da yadda za a wanke garin. Amma jiƙon kanwa da wuta biyun nan, lallashi sannan faɗa, su ne ƙashin bayan abin, kuma a rumfar Yaya na ɗauko su. Ranar da batirin gwajinmu ya shekara ana caji ana saukewa bai sace ba, na shiga ofis na rufe ƙofa na yi sujada.

Daga nan aka ce mu nemi takardar mallakar ƙirƙira, wadda idan ka samu, duk mai son yin amfani da dabararka sai ya nemi izininka. Muka nema a nan gida, muka nema a Turai, aka ba mu. To ga wurin da nake so ku buɗe kunne. A duk takardun nan, da duk hirar da na yi da 'yan jarida, ko sau ɗaya ban ambaci sunan Yaya ba. "Bayan dogon nazari," haka nake cewa, ina gyara zaman hula. Ba mantawa na yi ba. Kunya nake ji a ce Dakta ya ɗauko iliminsa a rumfar mai gawayi. Wani kamfanin batir na ƙasar waje ya fara zawarcinmu, ana maganar za a kafa ƙaramar masana'anta a nan Gumel, hanyar Maigatari, a riƙa sayen ƙodago a hannun mutanen ƙauye. Kun tuna yadda gidan nan ya koma. Abba ya gama naɗa kansa manaja, Nafisa ta zaɓi ƙasar da za ta je ƙaro karatu, mahaifiyarku Hajiya Binta kuwa, wadda ta yi shekara talatin tana haƙuri da mijin da ya fi sanin tanda a kan gidansa, ta fara cewa Allah ya dubi wahalarta.

Ana cikin haka wata 'yar jarida mai ɗaukar bidiyo ta ji labarin ina da 'yar'uwa a ƙauye, ta ce bari ta je ta ji yadda na taso. Babu wata mugunta a ranta. Ta yi sallama, Yaya ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura. Baƙuwa ta ga tukwane a jere ta tambaya na mene ne. To ku da kuka tashi a birni ba lallai ku gane ba: a wajenmu asirin magani ake ɓoyewa, ba sana'ar hannu ba. Wanda ya yi maka sallama, ya sha ruwan gidanka, ya tambaye ka yadda kake aikinka, idan ka yi masa ƙumbiya-ƙumbiya ka zama abin faɗi a gari. Sai Yaya ta ɗaura zani, ta nuna mata komai, tun daga fasa ƙodago har wutar faɗa, ta ma aika aka kira maƙwabtanta biyu masu irin sana'ar don a ɗauke su su ma. Kun ga bidiyon, kun san abin da ta ce:

"Ai wannan ba sabon abu ba ne, 'yar nan. Innarmu ta yi, kakarmu ta yi, daga nan har Magarya akwai masu yi. Shi Idi tun yana goye a bayana yake shaƙar hayaƙinsa. Kwano biyu na ba shi ya tafi da su, yanzu ga shi har Turawa sun san da shi."

Ku sake kallon fuskarta a wurin nan. Alfahari take yi da ni. A duniya ba ta da abin da za ta nuna wa baƙuwa da ya wuce ni da tukwanenta, sai ta haɗa mu ta nuna.

Ba a yi wata shida ba wani kamfanin daban, wanda takardarmu ta tare masa hanya, ya shigar da ƙorafi a ofishin rajistar can Turai cewa a soke ta. Lauyanmu, Barista Lawan, ya kira ni Kano ya zaunar da ni. Ya ce doka ba ta ba mutum takardar mallaka don kawai shi ya fara yin abu. Sai abin ya zama ba a bayyane yake ba, wato ba abin da duk gwanin sana'ar zai iya kawowa da kansa ba idan ya duba abin da aka riga aka sani. Kamfanin ya ce masana sun daɗe da rubuta cewa ana yin garin batir da ɓawo mai tauri irin na kwakwa. Jiƙon kanwa da wuta biyu kuma ga mata can suna yi a fili tun kaka da kakanni, ana sayarwa a kasuwar ƙasa da ƙasa. Haɗa wannan da wancan, in ji su, ba ƙirƙira ba ce, abu ne a bayyane. Na buga tebur na ce idan a bayyane yake, me ya hana su gani tun da can, da manyan ɗakunan gwajinsu? Barista ya bari na huce, sannan ya ce:

"Ranka ya daɗe, bidiyon shi kaɗai ba zai kayar da mu ba, don bayan mun shigar da takarda aka ɗauke shi. Abin da zai kayar da mu shi ne idan aka yarda maganar cikinsa gaskiya ce, cewa ana yin abin a fili tun kafin ka nema."

"To ai gaskiya ce."

"Wa ya rubuta? Akwai littafi? Akwai hoto na da? Babu. Bakin tsohuwa ne kawai da maƙwabtanta."

Sai ya turo mini takarda, shafi ɗaya. Ta ce ni, Dakta Idris, na rantse cewa 'yar'uwata tsohuwa ce da tunaninta ya fara rikicewa, cewa gawayin da na san tana yi a da na gama-gari ne, kuma jiƙon kanwa da wuta biyu a wurina ta gani bayan na gano su. Ya ce idan na sa hannu, ita ma aka samu ta dangwala yatsa a kan makamanciyarta, ƙorafin zai yi wuya ya tsaya. Idan ban sa ba, za a tambaye ni baki da baki ranar zama, kuma kada in ce bai gaya mini ba. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba, na kamo hanyar Gumel.

Kwana tara takardar nan ta yi a aljihuna. Gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa, sai dai ƙananan maganganu. Kai Abba ka ce a gabana wai me ya kai tsohuwa gaban kyamara, na daka maka tsawa, amma ban ce maka ba ta yi laifi ba. Hajiya ta same ni bayan azahar ina zaune a tsakar gida, ta ajiye mini ruwa, ta zauna gefe.

"Malam, ba cewa aka yi ka zage ta ba. Tsufa aka ce. Akwai wanda zai ce Yaya ba ta tsufa ba?"

"An ce ta ruɗe, Hajiya."

"A takardar Turanci, a ƙasar da ba ta san da ita ba. Wa zai karanta mata? Ka dubi yaran nan. Ka dubi mutanen da za su samu aiki. Ita kanta ai za ta ci moriyar abin."

Kada ku ga laifin mahaifiyarku, don duk abin da ta faɗa na riga na faɗa wa kaina sau ɗari. Ga rabin labarin da na ɓoye muku: na yanke shawarar zan sa hannu. Ranar Laraba na kira Barista na ce ya jira ni Asabar. Na ce wa kaina ƙarya ce ƙarama saboda alheri babba, kuma zan gina wa Yaya ɗaki na siminti, in kai ta Makka. Har na fara tsara yadda zan lallashe ta ta dangwala ba tare da na fassara mata duka ba. Ku da kuke ɗauka babanku tsayayye ne da aka cuta, to ga shi nan yadda yake.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ku duk kun fita. Wajen la'asar na ji a-daidaita-sahu ta tsaya a ƙofar gida, sai ga sallamar Yaya. Daga kasuwa take, da ƙwaryarta a ka, ko gida ba ta koma ba. Har yau ban tambayi wanda ya kai mata labari ba, kuma ba na son sani. Na nuna mata kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa a bakin tabarmata. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce:

"Idi, ina takardar?"

"Wace takarda, Yaya?"

"Kada ka mai da ni yarinya. An ce bakina ya jawo maka asara. An ce akwai takardar da idan aka rubuta na ruɗe, Turawa za su bar maka abinka. To na ruɗe. Kawo in dangwala in kama hanya, kada motar Sule Tankarkar ta tashi ta bar ni."

Ta miƙo mini babban yatsanta na dama. Yara, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Yatsan nan baƙi ne wuluk, gawayi ya shiga kowane layi na fatarsa, irin baƙin da sabulu ba ya fitarwa. Ko tawada ba ya buƙata, da ta ɗora shi a takarda zai fito. Da shi take danna mini loma a miya lokacin da hannuna bai iya ba. Da shi take share mini majina a ƙofar makaranta. Kuma baƙin da ke jikinsa shi ne ainihin shaidar da ake so in rantse babu ita. Na ce mata:

"Yaya, Inna fa? Ita ma mu ce ba ta yi ba?"

Ta dubi ƙasa.

"Inna tana kabari, ba ta cin tuwo. 'Ya'yanka ke ci. Ni me zan yi da hankali yanzu? Wanda nake da shi ai a kanka na ƙarar."

Ni da na tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai ban taɓa rasa abin faɗi ba, ranar na fashe da kuka kamar ɗan yaye, da furfurata da komai. Na riƙe yatsan nan da hannu biyu na kasa saki. Ita kuwa sai faɗa take yi mini, wai in yi shiru kada maƙwabta su ji, babba da ni. Da na ɗaga kai sai na ga Hajiya tsaye a ƙofar kicin da buta a hannu, ta ji komai, hawaye na bin fuskarta. Na zaro takardar daga aljihu na miƙa mata. Hajiya ta karɓa. Ta ɗebi gawayi a ƙwaryar Yaya ta zuba a kasko, ta murɗe takardar ta cusa a ƙasa, ta ƙyasta ashana. Da wutar nan aka dafa wa Yaya shayi, kuma ranar ba ta koma ba, a ɗakin Hajiya ta kwana. Da kuka dawo kuka gan ta, kuka gaishe ta a tsaitsaye kowa ya shige ɗaki.

An yi zaman ta na'ura, ina ofishin Barista a Kano, mutum uku a kan allo, biyu maza ɗaya mace. Bayan lauyoyi sun gama kai-kawo, macen ta dube ni ta ce shin abin da matar cikin bidiyon ta faɗa gaskiya ne? Barista ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ce:

"Gaskiya ne. Yayata ce, sunanta Hadiza, hankalinta ya fi nawa. A wurinta na gani, ita kuma a wurin mahaifiyarmu."

Na yi musu bayani iyakar iyawata cewa mai yin gawayin turare ba batir take nema ba, kuma babu masanin da ya taɓa tunanin ya leƙa tukunyarta. Sun saurara da ladabi, suka fita, suka dawo, suka ce duk da haka gwanin sana'a da ya san rubutun masana, ya kuma san abin da matan nan ke yi, zai iya haɗa su. Suka soke babban ɓangaren takardar, suka bar mana ɗan guntu a kan ma'aunin zafin tanda, wanda kowane kamfani zai iya kauce masa. Har gobe ban yarda da hukuncin nan ba, ku rubuta ku ajiye. Bayan an nuna maka abu, ai dole ya zama a bayyane! Amma wannan rigima ce tsakanina da su, babu ruwan Yaya a ciki. Kamfanin da ke zawarcinmu ya daina ɗaukar waya. Filin da aka nuna mana a hanyar Maigatari yanzu gidan mai ne. Nafisa a nan gida ta yi karatunta, Abba bai zama manaja ba, kuma na san kun ji zafi. Ni ma na ji, don ina son abin nan kamar raina.

Yaya kuwa ta kife tukwanenta. Shekara guda cur ba ta hura wuta ba, masu shayi suna aike tana cewa ta daina. Da na ji, na sa aka tara mini buhun ƙodago, na saka a bayan mota na kai mata har rumfa. Na tafi da kwafin hukuncin, na buɗe shafin da sunanta yake, na ɗora yatsana a kai, na fassara mata: an rubuta cewa wannan dabara sananniya ce a hannun Hadiza da matan yankinta tun kafin Dakta ya nema. Na ce mata abin da ya kamata in rubuta da hannuna tun farko, sai da alƙalan wata ƙasa suka rubuta mini shi, don haka ta yafe mini. Ta daɗe tana kallon takardar da ba ta iya karantawa.

"Nan ne sunan nawa?"

"Nan ne, Yaya."

"Da na Inna suka sa." Ta ture takardar, ta zura hannu a buhun ta ɗebo ƙodago ta jinjina. "Wa ya tsinto maka wannan? Rabinsa ɗanye ne. Kai dai har yau ba ka iya komai ba. Miƙo mini kanwar can."

To kun ji. Bakin Gwaggonku bai rasa muku komai ba, gaskiya ta faɗa wa baƙuwar da ta sha furarta. Da aka ce gaskiyar za ta cutar da ku, ta baro kasuwa ta zo ta ba da hankalinta kyauta don ku ci tuwo. Wanda ya ƙi karɓa ni ne, wadda ta ƙyasta ashana mahaifiyarku ce, Allah ya jiƙanta. Idan akwai mai jin haushi, ga ni nan a ɗakina, ƙofa a buɗe take.

Yanzu idonta ya kusa tafiya, wata jikar mijinta ce ke kai mata tukunya maƙera, amma jiƙo da wutar lallashi ba ta yarda kowa ya taɓa mata. Ƙullin gawayin da nake kawo muku duk wata, wanda ke Ummi kike cewa ba kya iya turare da wani sai shi, kin taɓa tambayata daga ina yake? Ƙulli uku take yi, ta shafa kowanne ta ce wannan na Nafisa, wannan na matar Abba, wannan na auta. Kullum sai ta tambaye ni ko har yanzu kuna fushi, ni kuma in ce aiki ne ya yi muku yawa. Na gaji da wannan ƙaryar, ita kaɗai ta rage tsakanina da ita. Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci nake tafiya, kuma akwai wurin mutum uku a motar. Idan kun je ba sai kun yi dogon jawabi ba, ba ta son wannan, za ta ma yi muku faɗa. Ku durƙusa ku gaishe ta kamar 'ya'yan mutunci, ku kama hannunta na dama, ku dubi babban yatsan. Har yau baƙi ne.